Maganin da Haske ke Kwancewa

A tashar Gumel, motar Kano na jiran cika. Wata dattijuwa ta gama waya tana ta murmushi, ta juya ga matar da ke gefenta.

"'Yar nan, ban san ki ba, amma sai na gaya wa wani. Ɗiyata Ikhlas ce ta kira daga jami'a. Gwajinsu ya yi kyau."

"Masha Allah. Gwajin me, Hajiya?"

"Maganin ciwon daji. Magani iri biyu suke ƙunshewa cikin wata 'yar roba da ido ba ya gani, kamar ƙullin yaji. Jini ya yi ta yawo da shi, ba zai kwance ba sai likita ya haska wata fitila daidai inda ciwon yake."

"Sauran jikin fa?"

"Ba ruwansa da shi."

"Ba amai? Gashi ba ya zuba?"

"Abin da suke nema ke nan."

"A wane asibiti ake yi? Yau ɗin nan zan je."

"Ai ba a kai ga mutane ba. Ɓeraye ake yi wa tukuna."

Matar ta yi dariya, ta jawo ɗankwalinta gaba. "Ashe ɓeraye sun fi ni gata."

Dattijuwar ta dube ta da kyau. "Ke ce ba lafiya?"

"Ni ce. Allura zan je karɓa. Ki ce mata Zuliha daga Gagarawa na gaishe ta, kuma don Allah su yi sauri."

Dattijuwar ta danna waya ta miƙa mata. "Ungo, gaya mata da bakinki."