Rahoton Darakta a kan Zabirar Malam Idi

Assalamu alaikum mai gabatarwa. Gyara zama, yau Babban Daraktan Ƙidayar Jama'a ne da kansa ya rubuto maka daga Abidjan.

Labari ya iso mini cewa wani wanzami a Bracodi da ke unguwar Adjamé, Malam Idi, ya ɗaure zabirarsa zai koma Kano. Wai kuɗin mai ya zuba a Najeriya, har masu tura kura sun sayi babur. Muna alfahari, Allah ya ƙara. To amma na yi bincike. Lokacin da ya zo Adjamé, sai ya yi wata bai taɓa kan jariri ba. Asabar ɗin nan kuwa suna uku ya yi kafin azahar, na huɗu can a unguwar Treichville har taksi aka aiko masa. Mai jegon ta ce, "Ko Malam Idi, ko yaron ya zauna da sumarsa!" Jariran da ya aske su ne yau suke kiransa ya aske nasu. Mu ma nan mun zama gari. In ya tafi, wa zai riƙe mana aska?

Maganar 'ya'yansa ba ta shiga kunnensa, amma abin da rediyo ya faɗa ya zauna. Masu sauraro, ku taya ni ba shi baki.

Mai gabatarwa, ka taɓa ganin darakta ya rubuto wasiƙa da ajami? Baba, ni ne ɗanka Sani. A bakin tukunyar suna na yi ƙidayar. Ka kwance zabirar, dukan kuma na yarda, zan sha.