Likitan da ya mayar da ni cikin sahu

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa, barka da aiki, kai da masu sauraro. Ni ne Ilu magini daga Matameye.

Na je cin rani Kano na faɗo daga kan gini, bayana ya riƙe, salla ma sai a zaune. Aka kai ni Damagaram wurin wani dattijon likitan gashin ƙashi, Malam Sale. Na ce, "Likita, allura nake so." Ya ce, "Ilu, ƙashinka ya warke. Naman ciki da na baya ne suka daina riƙe ka, su za mu tayar." Ya koya mini ɗaure ciki ina numfashi, ina ɗaga ƙafa a hankali. Na raina abin, amma na yi ta yi a gida.

Juma'ar da ta wuce na yi sujada cikin sahu. Washegari na hau mota in je in gaya masa, na tarar an yi jana'izarsa. Marasa lafiyarsa na zaune a benci, wasunsu ba su ma ji ba.

Jama'a, ku sa shi a addu'a. Kuma wanda ya san inda waɗannan bayin Allah za su nufa, ya taimaka ya faɗa mana.