Ranar da Aka Cire wa Baba Oksijin

Assalamu alaikum Ustaz, da masu sauraro. Ni ɗalibar sakandare ce daga Gadarif, kuma ban taɓa rubuto muku ba.

An yi wa Babana aikin huhu a Khartum. Ni na yi jinyarsa, don an ɗauke yayana aikin soja. Bayan aikin, hannunsa na hagu ya mutu. Daktor ya ce iska ce ta shiga jijiyar jini ta toshe hanya a ƙwaƙwalwa. Ya ce a bar shi kwance, kada a cire masa oksijin.

Sai dangi suka iso daga Hawata, mota guda. Baffa ya ce, "Mutane sun sha wannan tafiya, ba zai amsa gaisuwa ba?" Ya zare robar oksijin ɗin, ya tashe shi zaune. Na ce, "Baffa, daktor ya hana." Ya ce, "Ke, kawo shayi." Na je na kawo.

Wata huɗu ke nan hannun bai dawo ba, riɗin gonarsa ma maƙwabta suka yanka. Daktor ya ce ba zai iya cewa abin da Baffa ya yi ne sanadi ba. Wallahi na gaji da tunani.

Ustaz, ku ba ni shawara. Yaya yarinya za ta hana baffanta abu, ba a ce ta yi rashin kunya ba?