Ƙaramin Kofin da Aka Ware Mini

Ina gaishe ku cikin sunan Yesu, matan zumunta da duk wanda takardar nan ta shiga hannunsa. Sunana Rahila. Matar fasto ce ta ce in rubuta shaidata, ta kuma roƙe ni in sassauta harshe. Na yi mata alkawarin ba zan yi ƙarya ba. Na sassautawa ban yi ba.

Ina ajin ƙarshe a kwalej, a Magariya, ciwon kai ya fara mini. Da safe yake zuwa, tare da amai. Aka ce karatu ne ya yi mini yawa, aka ce rana ce, wata ma ta ce samari ne. Da na koma ƙauyenmu hutu, can gefen Dungas, sai na faɗi a majami'a ana tsakiyar waƙa.

Da na farka, rufin ɗaki na fara gani, sannan fuskar Baba. Shi kaɗai ne a ciki, yana tallafe da kaina. Sauran suna waje suna leƙe ta taga. An ce wata ta tsallake benci biyu da goyo a bayanta. Mu ashirin da 'yan kai ne a ikilisiyar nan, kuma babu wanda bai san ni tun ina rarrafe ba.

Kun san abin da ake faɗi a ƙasarmu: wai farfaɗiya a yawu take, wanda kumfar bakin mai faɗuwa ta taɓa shi ya ɗauka. Musulmi suna faɗi, mu ma muna faɗi. A nan kam ba mu da saɓani da kowa.

Ranar nan Inna ta ware mini kwano da moɗa, ta ɗaura wa moɗar jan zare don kada ƙannena su yi kuskure. Ni ce 'yar fari, dama ba ta kiran sunana, ba ta dubana ido da ido. Ta ajiye su a bakin ɗakina ta juya.

Baba mushen lakwal ne, wato malamin makaranta, ma'aikacin gwamnati, shi ya sa ban mutu a lokacin ba. Ya yi ta bin dosiyena, takardun neman a kai ni magani, daga Damagaram zuwa Yamai wata da watanni, hannuna na hagu yana ta mutuwa, har aka sa ni jirgi zuwa Faransa, shekarar da soja suka karɓi mulki. Can suka aske ni, suka buɗe kaina, suka ciro wani ƙari kamar ƙwan zabo daga fatar da ta rufe ƙwaƙwalwa. Suka ce irinsa ba kasafai yake kama mai shekaruna ba, saboda haka suka daɗe suna bincikensa.

Kafin a sallame ni, wata lokotoro, wato likita, ta zauna bakin gadona da takarda da biro. Ta ji na yi kwalej, sai ta yi mini bayani kamar mutum, ba kamar akuyar da aka kawo allura ba. Ta ce a cikin kowace ƙwayar halittar jikinmu akwai waɗansu 'yan zarurruka da ake kira kuromozom, bibbiyu suke tafiya, kashi ashirin da uku. A ƙwayoyin ƙarin da suka ciro, ɗaya daga cikin na ashirin da biyu ya ɓace. Ta ce da shi kaɗai ne ya ɓace, da hankalinta ya fi kwanciya, amma nawa har da waɗansu sun ɓace, kuma a abin da suke gani, irin wannan ya fi son dawowa. Na ce yaushe? Ta ce ba ta sani ba. Na ce ana ɗauka? Ta yi dariya, ta ce ko a jinina babu shi, a tsokar nan kaɗai yake, kuma ita ce take danne ƙwaƙwalwa har nake faɗuwa. Na ce ta rubuta mini wannan. Ta rubuta duka, ta sa hannu.

Na dawo gida da ƙwal a kai, da tabo daga kunne zuwa tsakiyar ka, da ƙwayar magani ta kullum. Aka taru aka yi godiya, aka yi waƙa, har an yanka kaji.

Lahadin farko ta jibin Ubangiji, Dattijo Barmo ya ɗauko faranti kamar yadda ya saba. Shi ne mai rabawa tun kafin a haife ni. Kofi ɗaya gare mu, babba, na tasa, ana cika shi da ruwan zoɓo, a fara da maza, a zo kan tsofaffin mata, a gangaro. Ranar nan sai na ga a gefen babban kofin akwai wani ɗan ƙarami, irin na shayi. Da ya iso gabana ya sunkuyo, ya ce a hankali, "Ga naki, 'yata. Sabo ne fil, ba wanda ya taɓa sha da shi."

Murmushi yake yi. Shi a ganinsa karrama ni ya yi.

Na sha, don ban san abin da zan yi ba. Amma Lahadi ta zagayo, lokacin sanarwa, na miƙe da takardar lokotoro. Baba ya yi mini ido, ban duba shi ba. Na karanta da Faransanci, na juya musu da Hausa layi bayan layi. Da ina da wayo da na tsaya inda aka ce ba a ɗauka. Ni kuwa ba ni da haƙurin ɓoye rabin magana, na zarce har ƙarshe, har zarurrukan da suka ɓace, har inda ta ce zai iya dawowa kuma ba su san yaushe ba.

Sai Dattijo Barmo ya gyara murya, ya ce, "To, 'yata, ga shi da bakinki kin ce su ma ba su sani ba. Abin da Bature bai sani ba, mu ne za mu sani? A bar kofin dai, ba ya cin komai."

Daga ranar na samu abu biyu maimakon ɗaya. Ƙaramin kofi yana nan, sannan kowa ya koma gaishe ni da muryar ta'aziyya. "Sannu Rahila, ya jiki," a karkace kai, a ja numfashi. Wani ya bai wa Baba shawara kada ya wahalar da ni da komawa karatu, a bar ni in huta. In huta kafin me? Ina tafiya da ƙafafuna ana yi mini zaman makoki.

Na tattara kayana na tafi Yekuwa wurin Gwaggo, yayar Baba. Ita musulma ce, ba ta taɓa yafe wa Baba shigarsa addinin nan ba. Da ta zuba tuwo na tambaye ta ina kwanona. Ta ce ita ta tsufa da wanke kwano biyu, in zan ci in sa hannu, in ba zan ci ba in matsa mata. Ta ƙara da cewa in cutar ta kama ta, sai a kai ta Faransa ita ma ta ga jirgi.

Wata bakwai na yi a can, kuma ban yi addu'a ko sau ɗaya ba. Aikina sauraren kaina. In ya ɗan sara, in ce ga shi nan ya dawo. In tashi da safe in matse hannun hagu in ga ko yana nan. Sauran lokacin kuwa ina jera sunayen mutanen majami'a a zuciyata, ina tsara wa kowa abin da zan faɗa masa in ya zo gaisuwa bakin gadon mutuwata. Na Inna ya fi na kowa tsawo.

Da kaka, muna roron wake a gonar Gwaggo, rana tsaka, kaina ya sara da ƙarfi har na ga duhu. Na ja jiki ƙarƙashin gawo na zauna. A nan na buɗe baki, kuma abin da ya fito ba irin addu'ar da ake koya wa yara ba ce. Na ce, "Ubangiji, kai ka ƙirga zarurrukan nan, kai ka san inda suka tafi. In kashe ni za ka yi, kashe ni. Amma kada ka bar ni in mutu da ɗan kofin shayi a hannu, mutanenka suna kallo."

Ban ji murya ba, ban ga haske ba, ba zan yi muku ƙari ba. Abin da ya sauko mini a zuciya ɗaya ne: jibin nan ba na Dattijo Barmo ba ne, ba na Inna ba ne. Mai shi ya taɓa kutare da hannunsa, bai nemi sabon kofi ba. Shi ya gayyace ni, ni kuma na gudu na bar wa masu rabo wurina. Na yi kuka har Gwaggo ta zo ta ce in faɗuwa zan yi in matsa daga kan wakenta.

Na hau amalanke na koma gida.

Ranar jibi na je da wuri, na zauna a bencin gaba, wurin tsofaffin mata, inda kofi yake fara sauka in ya baro maza. Aka yi ta kallona, na bar su da kallo. Inna ta shigo, ta ga inda nake, ta tsaya kamar za ta juya, sannan ta zo ta zauna kusa da ni, ina jin don ta ja mini zane in tashi. Dattijo Barmo ya iso, ya miƙo ƙaramin. Na sa hannu biyu na ɗauki babban, na sha, na miƙa wa ta kusa da ni.

Inna ta riƙe shi. Ta duba wurin da leɓena ya taɓa, na ga tana neman juya kofin. Ba ta juya ba. Ta sa bakinta daidai wurin ta sha, ta miƙa gaba, ba ta dube ni ba.

Halleluya! Amma ku ji sauran. Mata uku sun ƙi sha ranar, sun miƙa shi gaba a bushe. Ɗaya har yau in ta ga na riga ta sha sai tari ya kama ta. Ta san kanta, tana karanta takardar nan.

Yau shekara huɗu da aikin. Na gama karatuna, ina koyarwa a lakwal. Sau biyu a shekara nake zuwa Damagaram a duba ni. Ba zan ce muku na warke ba, don wadda ta ga cikin ƙarin da idonta ma ba ta ce ba. Yana iya dawowa bana, yana iya barina in tsufa in dami jikokin wani. Abin da Yesu ya fitar da ni daga ciki shi ne zaman jiran mutuwa da tsara wa mutane baƙar magana. Haushin bai tafi duka ba, kun ji shi a rubutun nan. Ina kai masa shi kullum, yana ragewa kaɗan-kaɗan. Na gode masa da ran da ya ba ni, kowace safiya da kanta.

Ku dogara gare shi, 'yan'uwa, ba da waƙa kaɗai ba. Akwai wata mata daga wajen Dogo-Dogo da ta fara zuwa majami'armu tun damina, Marta. Tana faɗuwa, kuma babu mushe a gidansu da zai kai ta ko Damagaram. A bakin ƙofa take zama, ita kaɗai a benci. An yi mata baftisma watan jiya, Lahadi mai zuwa ne jibinta na fari. Ni zan zauna a hannun hagunta, in karɓa daga gare ta. Bayana akwai wuri.

Ubangiji ya ba mu ƙarfin zuciya. Amin.