Tabarma a Ƙofar Baƙonmu

Assalamu alaikum, malam mai gabatarwa. Ilya ne daga Konni.

Akwai ɗan Pakistan mai gyaran injin ban-ruwa a unguwarmu. A da shi kaɗai yake wuni, sai muka jawo shi fadarmu ta shan shayi, har ya saba.

Makon jiya mahaifiyarsa ta rasu, bai samu zuwa gida ba. Muka shimfiɗa tabarma a ƙofarsa muna karɓar gaisuwa, kamar uwarmu ce. Amma in ya fara ba mu labarinta, sai Hausa ta ƙare masa, ya koma yarensu yana kuka. Mu dai sai “Allah ya jiƙanta.”

Don Allah, duk mai jin yarensu, Urdu, tsakanin Konni da Illela ya zo ya saurare shi. Ba mu naɗe tabarmar ba.