Numfashin da Ake Ja Kafin Waƙa

Salamar Ubangijinmu Yesu Almasihu ta kasance tare da ku duka. Baba Fasto, dattawan ikilisiya, iyayena mata na zumunta, ina gaisuwa. Baƙinmu na Dugabau da Madadi, sannunku da hanya. Wanda bai san ni ba, ni ce Rifkatu matar Dauda, ta nan Mainika. Waɗanda suka san ni kuwa, na ga tun ɗazu kuna satar kallon wuyana. Ku kalla da kyau, yau ban naɗe shi da gyale ba. Maƙoƙon nan ya tafi! Halleluya!

Tun ina amarya nake ba da waƙa a zumuntar mata, in ɗaga su amsa. Da maƙoƙon ya fito kamar ƙwan zabo, ban ɗauke shi komai ba. Na sha sassaƙe har na gaji. Aka kai ni wurin wanzami ya yi mini tsaga da sakiya, ba abin da na samu sai tabo, fatar wuya ta ɗaure tamau. Daga baya in na kwanta rigingine sai in ji kamar an taka mini maƙogwaro. In na ɗaga baiti, kafin in kai ƙarshensa iska ta ƙare. Na koma bencin baya ina motsa leɓe. Wannan ya fi ciwon kansa yi mini zafi.

Maigidana ya kai ni asibiti, aka sa ranar aiki, aka yi mini allurar barci. Da na farka na kai hannu wuya. Yana nan daram! Likitan ya zaunar da mu ya ce idan an sa mutum barci don aiki irin wannan, dole a zura masa bututu ta baki zuwa hanyar iska, inji ya riƙa yi masa numfashi. Ana ɗaga harshe da wani ƙarfe mai fitila, likita ya leƙa da idonsa ya ga ƙofar da bututun zai bi. Ni kuwa maƙoƙo ya ture ƙofar gefe, tabon wanzami kuma ya hana wuyan miƙewa. Ya leƙa ya leƙa bai ga hanya ba, sai ya tashe ni. Ya ce ba zai yi caca da raina ba, mu koma gida, zai haɗa mu da babban asibiti a Kano. Allah ya saka wa bawan nan nasa da alheri.

Amma kun san garinmu. Idan aka ji asibiti ya ce a koma gida ba a yi aiki ba, to an gama magana. Kafin mota ta sauke mu labari ya riga mu isowa, wai an sallamo Rifkatu. Dauda yana ta cewa ba haka ba ne, wa zai saurare shi? Sai aka fara layin neman gafara. Maƙwabciyata Hajiya Kande, wadda katanga ɗaya ta raba mu, ta shigo da ƙwaryar fura ta durƙusa tana hawaye.

"Maman Iliya, ki yafe mini. Yakuwarki da aka cinye a bayan gida, akuyata ce, na yi shiru."

Na ce, "Hajiya, ai na sani, na ga sawunta. Na yafe. Amma tashi, ban mutu ba tukuna."

Ta share ido ta ce, "Haka kowa yake faɗa."

Wata la'asar sai ga matan zumunta cikin anko, da tulun kiɗa da caki. Suka zauna a tsakar gidana suka kama waƙa irin ta rakiyar gawa. Saratu, gara da kina nan, ke kika ɗaga, kuma ba zan ɓoye ba, kun ja waƙar nan kamar shanun huɗa da suka kwana da yunwa! Haushi ya kama ni, na buɗe baki in gyara muku, ba abin da ya fito sai iska. A nan ne tsoro ya shige ni da gaske.

Na shiga ɗaki na durƙusa. Na ce, "Ya Ubangiji, kai ka hura wa Adamu numfashi, nawa ma naka ne. In ka ga dama ka karɓi abinka. Amma in za ka bar mini shi, ka bar mini da waƙa a ciki, don matan nan ba za su iya su kaɗai ba." Ku yi dariyarku, haka na faɗa masa! Da na miƙe, zuciyata ta kwanta.

A Kano, likitar sa barci mace ce, Musulma, sa'ar 'yata ta fari. Ta duba bakina, ta sa na ɗaga kai iya yadda zan iya, sannan ta nuna mini kayan aikinta. Ƙarfe ne mai lanƙwasa kamar lauje, a bakinsa akwai 'yar kyamara, duk abin da ta gani sai ya fito a wani allo.

Ta ce, "Mama, wancan ƙarfen sai hanya ta miƙe ake gani da shi. Wannan kuwa yana leƙa kwana. Kuma ba zan sa ki barci ba sai bututun ya shiga. Ke za ki riƙa yin numfashinki da kanki, mu yi aikin tare."

Na ce, "Ido biyu, 'yar nan?"

"Ido biyu, amma zan kashe wurin da magani. Wace sana'a kike yi a gida?"

Na ce noma, sai kuma ba da waƙa a majami'a. Ta yi murmushi ta ce to na sauƙaƙa mata.

Ranar aiki ta fesa mini magani a maƙogwaro, ya fi maɗaci ɗaci, har na daina jin harshena. Ta yi bisimilla, ni ma na kira sunan Yesu a zuciya. Ƙarfen ya shiga a hankali. Na ji tana ce wa abokan aikinta, "Ga ƙofar can, ta karkace hagu." Sai tsoro ya taso mini, na ƙame, na riƙe numfashi, ashe ƙofar ta tsuke. Likitar ba ta yi faɗa ba. Ta sunkuyo dab da kunnena.

"Mama, ga mata sun zauna, an buga tulu, ke ake jira. Ja numfashin nan da kike ja kafin ki ɗaga waƙa."

'Yan'uwa, wannan numfashin ko cikin barci na san shi! Na jawo shi tun daga ƙasan ciki. Sai na ji ta ce, "Alhamdulillahi, ya shiga." Daga nan ban sake sanin inda nake ba.

Na farka da bandeji a wuya, kayan nan babu. Muryar ta dishe, aka ce in yi haƙuri za ta dawo. Kafin a sallame ni likitar ta nuna mini hoton bidiyon da kyamarar ta ɗauka. Wasu 'yan fatu ne farare guda biyu a manne da juna, sai ga su sun buɗe. Ta ce, "Nan ne kika ja numfashin. Daga nan waƙarki take fitowa." Na fashe da kuka. Duk shekarun da nake waƙa, ashe Ubangiji yana koya mini numfashin da zai cece ni da shi ne, ni ban sani ba.

Da muka dawo, Hajiya Kande ce ta fara rangaɗa guɗa, sannan ta ce, "To, yafiyar nan dai ba za ki karɓe abarki ba." Na ce ta riƙe, amma ta ɗaure akuyarta.

Na gode wa Allah, na gode wa likitocin nan biyu, na gode muku da addu'a. Mai maƙoƙo a cikinku, kada ki kai wa wanzami wuyanki. Wanda kuma aka ce ya koma gida, kada ya ɗauka an gama da shi. Ku dogara ga Yesu, yana ganin inda idon mutum bai kai ba.

Saratu, ɗauko tulun nan. Mata, ku shirya amshi, kuma kada wadda ta ja mini waƙa. Ku dakata in ja numfashi.