Shanun da Ke Amsa Hon

Buhun dusa biyu, igiya da sanda: kayan da wani dattijo ya hau mota da su ke nan. Da aka tsaya shan ruwa a rabin hanya, sai direba ya gan shi yana shafa goshin motar inda ya lotse.

"Direba, wa ya mare ta haka?"

"Saniya, Baba, a kwanar da ke gabanmu. Ko'ina ka danna hon dabba kaucewa take yi, amma shanun can sai su yo titi kamar an kira su. Saura kaɗan in kifar da mutum goma sha takwas."

"Kai ma ai gudu gare ka."

"Ban musa ba. Amma wa ya koya musu?"

Dattijon ya sosa gemu. "To, in na kawo dusa nakan ce a ɗan danna musu hon. A bakin titi nake zubawa, ya fi sauƙi."

Direba ya dubi buhunan.

"Ashe malaminsu na ɗauko! Shiga, Baba."

Ya rufe ƙofa.

"Yau har garke zan kai ka, kuma ba hon. Can za su riƙa ci."